Kabarin Bobbo a Gonar Citta

Mutumin da ya kafa gidauniyar shi ne ya koya mini riƙe fensir, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai. Hedimasta Silvanus Kumai ke nan. Shi ya turo kekensa har rugarmu a Ungwan Kanya, can bayan Kagoro, ya zauna a kan turmin Innata yana ja-in-ja da Babana yini uku a jere, har aka sake ni na shiga firamare. Da ajalinsa ya matso a 1985 ya bar wasiyya: a sayar da gidansa na Kafanchan, a ajiye kuɗin, duk shekara a tallafa wa ɗan ƙasa guda ɗaya mai karatun tarihi a digiri na biyu. Tarihi kaɗai ya ce. Masu karatun likita da lauya, in ji shi, ba su rasa masu yi musu hidima.

Sunana Dalhatu, jikan Bobbo. A 1990 ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kafanchan, ina kuma shekara ta biyu a digiri na biyu. In na ce ina shekara ta biyu ma na yi ƙarya, don ban yi rajista ba. Shekarar farko Baba ya sayar da bijimi ya biya. A ta biyu babu bijimin sayarwa, domin tun da ciwon bushiya ya share garken a tamanin da uku, abin da ya rage nonon gida ma da ƙyar yake isa. Albashin koyarwa kuwa ana biyan mu ne ranar da aka tuna da mu. Ga zirga-zirga zuwa Kaduna gidan adana takardun tarihi, ga rikoda da kaset da batir, ga goron dattawan da zan yi hira da su, ga mai tafireta da za ta buga kundin binciken. Ana cikin haka jami'a ta liƙa sanarwa: duk wanda bai yi rajista ba zuwa Juma'ar ƙarshen Nuwamba, za a soke sunansa.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai yawan sigari da dogon Turanci. Ya ce batun da na zaɓa ya burge shi ƙwarai, wato zaman Fulani da manoma a gindin duwatsun Kagoro tun zamanin Turawa. To, burgewa ba ta sayen batir. Ya rubuta mini wasiƙu uku zuwa gidauniyoyin ƙasashen waje. Biyu suka yi shiru, ɗaya ta amsa bayan wata bakwai cewa ta daina tallafa wa tarihi, ta koma haƙa rijiyoyi. Na nemi sikolashif na gwamnati, aka ce sai da takardar shaidar ɗan asali. Na je ofishin da ke bayarwa, magatakardan ya dubi sunana, ya ɗago ya dubi hancina, ya ce in je inda kakana ya fito. Na ce kakana daga bayan shanu ya fito, ina ne hedkwatarsu? Bai yi dariya ba, ya kira na bayana.

Saura gidauniyar Hedimasta. Shekara biyar kuɗin na kwance ba wanda ya nema, don samarin ƙasar duk akanta da lauya suke son zama. Ni ne na farko da ya cika fom ɗinta, kuma na cika shi da kwanciyar hankali, kamar mai zuwa karɓar gadonsa.

Kwamitin mutum uku ne, suna zama a ɗakin bayan majami'a. Madam Scholastica, babbar 'yar Hedimasta, ita ce shugaba. Sai Rabaran Simon, wanda aikinsa buɗewa da addu'a da rufewa da addu'a. Sai sakatare, Derrick, ɗan maƙwabcinmu Baba Meshak. Benci ɗaya muka zauna da Derrick a firamare, rogo ɗaya muka sha rabawa. Daga baya ya buɗe shagon kayan babur a Funtuwa. A Maris na 1987 rigimar ɗalibai ta tashi a Kafanchan, kafin mako ya zagayo wuta ta kai garuruwan arewa, shagonsa ya ƙone ƙurmus, ya dawo gida da matarsa da jaka ɗaya. Na tausaya masa, har yau ina tausaya masa. Amma ba ni na kunna ashanar ba, ina can Owerri ina hidimar ƙasa.

Madam Scholastica ta gama duba takarduna ta cire tabarau.

"Dalhatu, takardunka ya yi kyau. Da Baba yana nan, zai yi murna sosai. Amma akwai doka na komiti. Sakatare, karanta masa."

Derrick ya buɗe fayil. A 1988, in ji shi, kwamiti ya zauna ya fassara abin da Hedimasta yake nufi da ɗan ƙasa. Ɗan ƙasa shi ne wanda kabarin kakansa yake cikin ƙasar nan, kuma zai iya kai kwamiti ya nuna.

Na ce, "Hedimasta ya faɗi haka?"

"Hedimasta bai ga tamanin da bakwai ba," in ji Derrick. "Ba mu ce kai baƙo ne ba, Malam. Doka ne, na kowa. Ni yanzu ka ce in nuna, kabari na kakana yana bayan ɗakin Mama, da siminti, da suna a kai."

"Ka san mu ba ma siminti."

"Wannan kuma ba matsala na komiti ba ne."

Ya sani, mana. Su a gida suke binne nasu, bayan ɗaki, su share wurin, su shafa masa farar ƙasa gab da Kirsimeti, kuma duk gonar da kakan mutum ke kwance a cikinta ba mai yi masa gardama a kanta. Mu kuwa inda mutuwa ta riski mutum nan ake rufe shi, a ɗora ƙaya saboda kura, a juya baya. Ba dutse, ba suna, ba mai komawa. Dokar ba ta ambaci Fulani ba, ba ta ma buƙatar ambata. Wanda ya rubuta ta ya san yadda muke binne mutanenmu kamar yadda ya san inda muke ɗaure maruƙa. Na buɗe baki zan wanke su tas, Rabaran ya ɗaga hannu ya ce bari a rufe da addu'a.

Na hau babur ɗin haya na wuce ruga. Na iske Baba a durƙushe yana cire wa wata karsana kaska. Na gaishe shi, na tsaya na riƙe masa ƙahon, sannan na yi tambayar da ba a yi a gidanmu.

"Baba, ina aka binne Bobbo?"

Sai da ya cire kaska biyu kafin ya amsa. "Me za ka yi da shi?"

Na faɗa masa komai, da fom, da doka, da Juma'ar ƙarshen wata.

"Mutumin da aka ba ƙasa shekara talatin da biyu, shi za ka je ka nuna da yatsa saboda boko?" Ya goge hannu a rigarsa. "Ban san wurin ba. Da rani ya rasu, ina can kudu da shanu. Meshak ne ya haƙa. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba, kuma daidai ya yi."

Na fita ina cika ina batsewa. Haushin Derrick daban, haushin mutanena daban. Mutanen da ba su ajiye komai ba, ba kabari, ba takarda, ba ko dutse ɗaya a kan ɗaya, sai tafiya da kunya, sannan a ce musu baƙi su riƙe baki suna mamaki. Zamanmu ma a Ungwan Kanya haka yake. Uban Meshak ne ya nuna wa Bobbo fili a gefen gonarsa ya ce ya kafa bukka, shanu su riƙa kwana a gonar bayan girbi suna zuba taki. Da Kirsimeti mu kai musu man shanu, da Salla su kawo mana acca. Shekara sittin ana haka, da baki kawai, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Na wuce wajen Baba Meshak, na iske shi a kan fa yana shanya citta da aka tsaga. Tsoho ne tukuf, ƙafa ɗaya ta fara gardama. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Wannan ne kawai? Ni na haƙa shi, ɗana. Ƙasa ya yi tauri, hannuna ya fashe. Wani malam ya zo daga Kafanchan ya yi masa salla. Kakanka ya taɓa ɗauka na a wuya ya ƙetare rafi da ni, ruwa ya cika, ina kuka kamar akuya. Ka kawo su ran Asabar."

Ran Asabar suka zo. Madam ta ajiye Fijo ɗinta a bakin hanya ta shiga gona da takalmi mai tsini, yana nutsewa tana cirewa. Rabaran da lema, Derrick da fayil. Labari ya riga ya zaga, mutanen unguwa sun bar haƙar citta sun biyo mu, maza da mata. Baba Meshak ya tsaya gindin wata ɗorawa, ya fuskanci dutse, ya fara tafiya da sandarsa yana tsallake kunyoyi. A tsakiyar gonar, inda citta ta fi kyau, akwai wani ɗan wuri kamar faɗin tabarma da ba a nome ba, ciyawa ta rufe shi. Nan ya dogara sanda.

"Ga Bobbo."

Derrick ya zaro ido. "Baba! Ba ka ce mana dutse ne a ƙarƙashi ba? Tun muna yara ka ce kar fartanya ya taɓa nan, zai karye."

"In na ce kabari ne, za ku ji tsoron gona. Ni kuma ba zan nome kan mutumin kirki ba."

Ban san ƙwalla za ta zo mini ba. Ban taɓa ganin Bobbo ba, ya rasu kafin a haife ni, amma na tsaya kan ɗan wurin nan ina jin kamar yanzu aka rufe shi. Shekara talatin da biyu wani tsoho Kirista yana kewaye kakana da fartanya, yana yi wa 'ya'yansa ƙarya don kada a taka shi, ni kuwa mai digiri a tarihi ina yawo da littafin rubutu ina neman hujja a Kaduna. Madam ta buɗe jakarta ta rubuta wani abu. Rabaran ya cire hula.

Sai na fara jin gunaguni a bayana. Wata mata ta ce da yarensu, wanda nake ji sarai, "Kabarin Fulani a tsakiyar gona?" Wani saurayi ya ce, "To ai gobe za su ce gonar tasu ce." A nan na gane, na kusa yin dariya a gaban kabari. Ai a al'adarsu duk wanda kakansa ke kwance a gona yana da baki a gonar. Tarkon da suka ɗana don a hana ni ya kama ƙafarsu. Sun ce in nuna kabari, na nuna, kuma a gaban shaidu fiye da hamsin. Na dubi Derrick, fuskarsa ta koma kamar wanda ya haɗiyi citta ɗanya. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, na koma Kafanchan ina fito a kan babur.

Ran Laraba aka kira ni. Saura kwana biyu a rufe rajista, kuma tafiyar jami'a yini guda ce. Na shiga ɗakin na ga cak ɗin kuɗin a kan tebur, an rubuta sunana, an danne shi da littafin waƙoƙin sujada. Kusa da shi wata takarda ce da aka buga da tafireta, da kofe biyu.

"Komiti ya amince," in ji Madam, ba ta kalle ni ba. "Kai ɗan ƙasa ne. Amma akwai ƙaramin abu da za ka sa hannu."

Na karanta a tsaye. Ni Dalhatu, a madadin iyalin marigayi Bobbo, na yarda cewa kabarin da aka nuna bai ba mu haƙƙin ko taku ɗaya a gonar ba. Wannan bai dame ni ba, ba mu taɓa neman gonar kowa ba. Layi na ƙarshe ne ya sa kaina ya yi zafi: filin da rugarmu take aro ne daga iyalin Meshak, kuma suna iya karɓar abinsu duk lokacin da suka buƙata.

Na buga takardar a tebur. "Ran Asabar ni ɗan ƙasa ne, ran Laraba na zama ɗan aro? Wane irin wasa da hankali ne wannan? Kun kafa doka don in faɗi, ban faɗi ba, yanzu kun kawo wata! Madam, da kuɗin ubanki ake wannan cinikin? Mutumin da ya zauna kan turmin uwata?"

"Kar ka sa Babana a ciki," ta ce. "Ni ban so wannan ba, Allah ya sani. Amma tun Asabar mutane ba su bar ni na huta ba. In ban kai musu takarda ba, ba zan iya shiga sujada ran Lahadi ba. Ka ɗauka ka kai wa babanka ya gani tukuna."

"Yaushe? Jibi ake rufewa."

Na juya wajen Derrick na ce a cire layin ƙarshe, in sa hannu a sauran yanzu-yanzu.

"Ƙarya ne?" ya ce. "Kai malamin tarihi ne, ka faɗa mini. Kakana ya sayar wa kakanka? Ba aro ba ne?"

"Aro ne."

"To mene ne laifi a rubuta gaskiya? An ƙone ni sau ɗaya, Dalhatu. Na zauna da mutane shekara tara da baki kawai, muna cin abinci a kwano ɗaya. Yanzu komai nawa sai a takarda."

Baba Meshak ya san da wannan? Na tambaya. Derrick ya ce Baba ya tsufa, ba a damun sa da takardu. Rabaran yana ta kallon rufin ɗaki kamar an ce masa yana yoyo.

Yanzu ga inda haushina ya fi yawa, kuma ba na kowa ba ne sai nawa. Na yi wata da watanni a gidan adana takardu ina buɗe fayilolin zamanin Turawa. Na ga irin wannan takarda ta fi a ƙirga, dagatai da dattawa sun dangwala yatsa a ƙasan Turancin da ba su ji ba, ƙasa ta tafi. Ina karantawa ina tsaki, ina rubutawa a gefen littafina, yaya aka yi suka yarda? Su dai ba su iya karatu ba. Ni na iya. Na karanta sau uku, na gane kowane harafi. Na ce wa kaina Baba Meshak na da rai, ba mai taɓa mu. Na ce in na gama digiri jami'a za ta ɗauke ni aiki, in saya wa Baba fili nasa na kansa da takarda mai hatimi. Na ce takarda ce kawai za ta kwanta a fayil, gara ta cinye ta. Ban kai wa Baba ba, don na san abin da zai ce. Na ciro birona na sa hannu a duka ukun, sa hannu mai lanƙwasa irin na 'yan boko, har da kwanan wata.

Na yi rajista ran Juma'a da hantsi. Bayan mako biyu aka yi ɗan biki a harabar majami'a, aka ɗauki hoto ina karɓar ambulan da babu komai a ciki, Rabaran ya yi jawabi kan zaman lafiya da ƙaunar maƙwabci. Na sayi rikoda. Na zaga ƙauyuka ashirin da ɗaya, na yi hira da ardo-ardo da masu unguwanni da tsofaffin mata. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Farfesan da aka gayyato ya jarraba ni a 1992 ya ce babi na huɗu, wanda na yi kan yadda manomi da makiyayi suke ƙulla amana da baki ta wuce shekara sittin, ya cancanci a buga shi a mujalla. Na yi godiya ina murmushi.

Aikin jami'a bai samu ba, an ce gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata. Na koma ajina da allina. A shekarar kuma wani rikicin ya sake tashi a kudancin jihar, wanda ya fi na farko muni, mutane suka daina gaisawa a kasuwa. Da damina Baba Meshak ya kwanta, bai tashi ba. Babana ya ja rago da hannunsa ya kai gidan makoki, ya zauna yini biyu a kan dutse a ƙofar gida. Aka binne tsohon bayan ɗaki, aka yi masa siminti da suna.

A farkon 1993 mai unguwa ya aiko a kira Baba. Na ɗauki izini a makaranta na raka shi. A gindin mangwaro aka zauna, dattawa a kan benci, samari a tsaye a baya. Derrick ya yi bayani a taƙaice: citta ta yi kuɗi, iyali ya yi yawa, suna buƙatar filin. Bai faɗi sauran ba, amma samarin da ke bayansa sun faɗa da idanunsu.

Baba ya saurara har ƙarshe, sandarsa a kan cinya. Hausarsa ba ta da yawa, amma ta ishe shi.

"Ranka ya daɗe, ubansa Meshak ya ce mini, ni da 'ya'yana da jikokina. Uban Meshak ya faɗa wa ubana haka. Wasu a nan sun ji da kunnensu."

Dattawa biyu suka gyaɗa kai. Na ga mai unguwa ya sassauta, ya fara cewa magana ce ta iyaye, ba a tashin ta da gaggawa. Da a nan aka tsaya, na rantse da Allah da mun ci. Maganar baki ba ta da wa'adi, ba wanda ya isa ya ce ga ranar da aron ya ƙare. Sai Derrick ya buɗe fayil.

Mai unguwa ya juya takardar sama da ƙasa, don shi ma bokonsa bai yi nisa ba. Ya ce Turanci ne, kuma dole mai magana ya ji abin da ke ciki da harshen da ya fi ganewa, kada gobe a ce an zalunce shi. Ya duba taron. Mutum ɗaya ne a wurin yake jin Turanci yake kuma jin Fulatanci sosai.

"Malam Dalhatu, zo ka karanta wa babanka."

Na so in yaga ta, amma akwai kofe biyu. Na so in yi ƙarya a fassarar, amma Derrick ya taso a gefen rugarmu, yana jin abin da ya ishe shi. Na tsaya a tsakiyar fili na karanta layi-layi, ina juyawa da harshen da uwata ta yi mini rarrashi da shi. Da na zo kan "duk lokacin da suka buƙata" sai da na maimaita.

Baba bai ɗago ba. "Wa ya yarda da wannan a madadinmu?"

"Ni ne."

"Hannunka ne a ƙasa?"

"Hannuna ne."

"Tilasta ka aka yi?"

Na dubi Derrick, na dubi samarin, na nemi wanda zan ɗora wa. "A'a."

"Kafin ka ga kabarin, ko bayan ka gani?"

"Bayan na gani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Ya juya ga mai unguwa ya ce tun da ɗansa mai ilimi ya rubuta, shi ba shi da ta cewa, a ba shi wata guda, akwai maruƙa biyu da ƙafarsu ba ta yi ƙwari ba. Mai unguwa ya ce a ba shi biyu. Baba ya ce guda ya isa.

Ranar tashi na zo tun da sassafe da jakata. Na riga na rubuta takardar barin aiki, tana aljihuna. An kwance bukkoki, an ɗora ƙore da tabarmi a kan jakai biyu da aka aro, Innata na zaune kan ƙullin kaya ta rufe fuska da mayafi. Wajen Bauci za su nufa, inda wani ƙanen Baba yake. Na ajiye jakar, na kama igiyar maraƙi ɗaya zan ja.

Baba ya zo ya zare igiyar daga hannuna, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya dube ni ba.

"Kai ka zauna," ya ce. "Kai ne ɗan ƙasa."